Kafin Ka Yarda da Lambar da Ke Kan Sikeli

A ƙarshen kakar bara na raka wani ƙanen mahaifina kai shanshera wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. Mota ta hau sikeli da kayanta, jajayen lambobi suka fito a allo, aka sauke kaya, ta sake hawa babu komai, sai takarda ta fito daga na'ura. Baffa ya karɓa ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce wa yaron da ke ɗakin awo, "Ɗana, lissafina bai ba ni haka ba." Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, ai ba ni na rubuta ba, kwamfuta ce." Baffa ya ninke takarda ya sa a aljihu, bai ƙara cewa uffan ba. Mutumin da zai shafe rabin sa'a a kasuwa yana gardama kan ko mudu ya yi tozo ko an shafe bakinsa, kalma ɗaya ta rufe masa baki.

Ba yaron nake zargi ba, gaskiyarsa ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka sallama wa lamba don kawai na'ura ce ta nuna ta. Na'urar nan ba ta san kilo ba. Wani ne ya koya mata, a wata rana, da wasu ma'aunai, kuma ingancin kowace takarda da za ta fitar yana rataye ne a kan aikin wannan ranar.

A ƙarƙashin sikelin zamani akwai wasu dunƙulen ƙarfe da masu sana'ar ke kira lodsel. Sikelin manyan motoci yakan zauna a kan shida, takwas ko goma. Rumbun ƙarfe na masana'anta kuwa a kan uku ko huɗu. A jikin kowane dunƙule an manna wasu siraran zaren ƙarfe masu lanƙwashe-lanƙwashe. Idan nauyi ya hau, ƙarfen yakan ɗan motsa, motsin da ido ba ya gani, yawanci bai kai rabin milimita ba. Zaren da ke manne da shi sai ya miƙe ko ya tsuke, kuma turjiyar da yake yi wa wutar lantarki ta canza. Tun 1856 Lord Kelvin ya lura cewa waya tana canza turjiya idan aka ja ta, amma sai a 1938 wasu Amurkawa biyu, Edward Simmons da Arthur Ruge, kowanne a nasa wurin, suka mayar da wannan ilimi abin aiki. Irin zaren nan guda huɗu ake haɗawa a tsarin da ake kira gadar Wheatstone, ta yadda ɗan bambancin da ya shiga tsakaninsu zai fito a matsayin wuta.

Wutar kuwa 'yar mitsitsiya ce. Yawancin lodsel suna ba da milibolt 2 a kan kowane bolt da aka ba su, shi ma sai an ɗora musu iyakar nauyin da za su iya ɗauka. Ke nan idan an ba su bolt 10, abin da zai dawo milibolt 20 ne. Batirin tocila guda ɗaya ya ninka wannan sau 75. A cikin wannan ɗan ƙanƙanin abu ake son a yanka gida 3,000, idan lodsel ɗin na ajin C3 ne, wanda aka fi amfani da shi a sikelin ciniki. Kowane gida bai kai kashi 7 cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Shi ya sa danshi kaɗan a mahaɗar waya, ko wayar babban inji da aka shimfiɗa kusa da ta sikeli, ya isa ya sa lamba ta yi ta rawa.

Daga nan sai kwamfutar sarrafa injuna, wadda aka fi sani da PLC. Asalinta daga masana'antar motoci ta Amurka ne: a 1968 kamfanin General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin tarin makunnan da ke tafiyar da injunansa, sai Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da Modicon 084. Yau ita ce ke buɗe bakin rumbu, ta rufe, ta tayar da bel, ta tsayar da shi, a kamfanonin siminti, taki, fulawa da abincin kaji. Tana da sauri, ba ta gajiya, amma abin da aka faɗa mata shi take riƙewa. Wutar lodsel takan bi ta wata na'urar ƙara ƙarfi, a mayar da ita sigina tsakanin mili'amfa 4 zuwa 20, ko ta shiga kai tsaye cikin katin awo na musamman irin SIWAREX na Siemens. Abin da ke isa ƙwaƙwalwar PLC lamba ce tsirararta. A injunan Siemens, alal misali, siginar nan takan zama lamba daga 0 zuwa 27,648. Mayar da wannan lamba zuwa kilo shi ne saita sikeli.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi a hankali, don a nan gizo ke saƙar. Ga rumbu a kan lodsel uku, kowanne na ɗaukar kilo 1,000, jimla 3,000. Injiniya zai fara da share rumbun tas, a kashe duk abin da ke girgiza shi, a bar na'ura a kunne ta ɗan ɗumama. Sai ya duba lambar da ke shigowa. A ce ya ga 5,530. Wannan nauyin rumbun ne shi kansa, da murfinsa da bututunsa, don haka zai gaya wa PLC cewa nan ne sifili. Sannan a ɗora duwatsun awo na kilo 1,000 cif. A ce lamba ta koma 14,700. Bambancin 9,170 ne, wato kowane kilo ɗaya daidai yake da 9.17. Daga ranar, PLC za ta riƙa cire 5,530 daga duk lambar da ta shigo, ta raba saura da 9.17, ta nuna kilo. Maki biyu ke nan, sifili da faɗi, aka ja miƙaƙƙen layi a tsakaninsu.

To, da injiniyan nan ya ga ɗaukar duwatsu wahala ce, ya zauna a ofis ya raba 27,648 da 3,000, da 9.216 zai samu. Bambancin kamar ba komai ba. Amma da wannan lissafin, kilo 1,000 na gaskiya zai fito a allo a matsayin 995. Kilo 5 a kowane tan, kullum, ga kowane mai kawo kaya, kuma babu fitilar da za ta kunna ta ce an yi kuskure.

Akwai wani dalili ma da mutane da yawa ba sa kawo shi a rai. Lodsel ƙarfin da ƙasa ke jan kaya da shi yake ji, kuma wannan jan ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya fi ƙarfi a ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya, ya fi rauni a tsakiyarta. Bambancin ya kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A Jamus awonsa wajen 9.81 ne, a Kano kuwa wajen 9.78. Sikelin da aka saita a masana'anta a Jamus, aka kawo shi Kano aka girka ba tare da gyara ba, zai riƙa rage wajen kilo 3 a kowane tan. A tirelar tan 30, kusan buhu biyu na kilo 50 ke nan. Don haka idan dillali ya ce maka, "Alhaji, wannan a saice ya zo daga Turai," maganar ba ta ƙare ba. A inda sikeli zai zauna, nan ake saita shi.

Su ma duwatsun awo ba kowane ƙarfe ba ne. Dutsen kilo 20 na ajin M1, wanda ake gwada sikelin ciniki da shi, ba a yarda ya kauce da fiye da giram 1 ba, kuma yana da takardar shaidar an gwada shi da wanda ya fi shi inganci, shi ma wancan da na gaba da shi, har a dangana da asalin kilo. Daga 1889 asalin nan wani ɗan curin ƙarfe ne da ke ajiye a Sèvres kusa da Faris. Daga 20 ga Mayu 2019 aka koma dogaro da wani tsayayyen adadi na kimiyya da ake kira adadin Planck. Wannan silsila tana tuna mini da isnadi: kowane ma'auni yana da wanda ya karɓa daga gare shi. Wanda ya ɗauko buhun siminti daga shago ya ce ai kilo 50 ne, ya saita sikeli da shi, ya yanke silsilar. Idan buhun ya gaza da rabin kilo, kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari ne, kuma PLC za ta ninka shi a kan duk abin da ya hau: kilo 300 a tan 30. Saita babban sikeli da ɗan ƙaramin nauyi kuskure ne da ake yawan yi, domin shi ne ya fi sauƙi.

Na san ba kowa ke da duwatsun tan 60 ba, kuma hayar motar da ke ɗauke da su kuɗi ne. Akwai hanyar da ƙa'ida ta amince da ita. A ɗora duwatsun da ake da su a rubuta lamba, a sauke su, a zuba yashi ko wani kaya har allo ya nuna wannan lambar daidai, sannan a mayar da duwatsun a kan kayan, a yi ta hawa mataki-mataki har a kai inda sikelin ke aiki. Aikin yini guda ne, wani lokacin har dare. A hanyar saukowa ma a riƙa dubawa, don a ga ko lambar da aka samu ana hawa ita ake samu ana sauka, kuma ko sikeli ya koma sifili.

Kafin duk wannan akwai gwajin kusurwa. A ɗauki nauyi ɗaya a ajiye shi a kan kowane lodsel bi da bi. Idan gaba ya nuna wata lamba, baya ya nuna wata, sai a buɗe akwatin da wayoyinsu suka haɗu a daidaita. Direbobi sun fi kowa sanin sikelin da ba a yi wa wannan ba; sun san daidai inda za su taka burki.

Yawancin matsalolin sikeli ma ba na kwamfuta ba ne. Dutse ya maƙale tsakanin dandamali da bangon rami. Laka ta bushe a ƙarƙashi bayan damina, tana ɗaukar wani ɓangare na nauyin. An haɗa sandararren bututu da jikin rumbu, yana riƙe shi kamar mutum ya dafa sikeli da hannu. Ɓera ya ci waya, ruwa ya kwanta a rami, tsawa ta faɗi kusa. Mai walda ya zo gyaran dandamali ya maƙala wayarsa ta yadda wuta ta ratsa ta cikin lodsel, ya gama aikinsa ya tafi, ya bar abin a ƙone. Ga kuma zafi: doguwar wayar tagulla tana canza turjiya tsakanin sanyin asubahin hunturu da ranar Afirilu, shi ya sa ake son lodsel mai waya shida, biyu daga ciki aikinsu su riƙa kai rahoton ainihin wutar da ta isa can. Wanda ya ga lamba ta kauce ya garzaya ya canza lissafin PLC bai leƙa ƙarƙashi ba, ya lulluɓe ciwo ne da tsumma. Haka ma mai awon da ke danna maɓallin sifili kowace safiya ba ya rubuta nawa ya share. Sikelin yana ta ba shi labarin rashin lafiyarsa, shi kuwa yana toshe masa baki.

Kada a ɗauka mai kawo kaya kaɗai ke cutuwa. A injin cika buhu, PLC tana rufe bakin rumbu kafin a kai kilo 50, saboda akwai hatsin da ke cikin iska bai sauka ba tukuna. Idan ba a auna wannan ragowar da kyau ba, kowane buhu ya haura da giram 200, to a buhu 10,000 mai kamfani ya yi kyautar tan 2 bai sani ba.

Wurin da ya fi damuna shi ne wannan: lambobin nan biyu, sifili da faɗi, suna zaune ne a ƙwaƙwalwar PLC, kuma duk mai kwamfutar hannu da igiyar haɗawa zai iya canza su cikin minti ɗaya. A da, mai tauye mudu sai ya bubbuga gindin kwano, kuma mai ido zai gani. Yanzu ba abin da za a gani. Saboda haka sikelin da ake ciniki da shi yana buƙatar kalmar sirri, da hatimi a kan maɓallin saiti, da ƙidayar da ke ƙaruwa duk lokacin da aka taɓa lissafin, da littafin da ake rubuta wanda ya taɓa, da ranar, da dalili. Nijeriya tana da dokar awo da ma'auni ta 1974, akwai sashen da ke kula da ita a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, tana da cibiyar ma'aunai ta ƙasa a Inugu. Mu kuma tun muna makarantar allo muka san akwai sura guda, Muɗaffifina, da ta sauka a kan masu tauye awo. Hukuncin bai canza ba don mudu ya koma allo mai jajayen lambobi.

Ina kira ga masu kamfanoni su ware kuɗin gwajin sikeli a kasafin kowace shekara, su sake gwadawa bayan duk wani gyara ko walda, su kuma manna takardar shaidar a inda mai kawo kaya zai gani. Injiniyoyinmu matasa da ke koyon PLC, ku koyi shiga ƙarƙashin dandamali da tocila kamar yadda kuka koyi rubuta manhaja. Kai kuma manomi ko ɗan kasuwa, ran da aka ce maka kwamfuta ce, ka tambaya cikin mutunci: yaushe aka yi mata gwajin ƙarshe, wa ya yi, kuma ina takardar? Haƙƙinka ne a nuna maka.