Matar Da Ta Biya Bashin Mijinta A Sararin Sama

Yau ga labarin wata Bafaranshiya, sunanta Sofi Balanshar.

Tun ba a ƙera jirgin sama ba, Turawa suna tashi cikin balan-balan. Wani ƙaton buhu ne na siliki, a cika shi da iska marar nauyi, a rataya masa kwando, mutum ya shiga. Ba sitiyari, ba birki, inda iska ta ga dama nan za ta kai ki. Macen da ta fara tashi cikinsa ba tare da an ɗaure shi da igiya ba ita ce Elizabet Tibil, a birnin Liyon, cikin 1784.

Amma Sofi ce ta mai da shi sana'a. Aikin mijinta ke nan, da ya rasu cikin 1809 ya bar ta da bashi katutu. Sai ta ci gaba da tashi ana biyanta, har ta biya bashin. Abin mamaki, a ƙasa matsoraciya ce, ko hawan keken doki firgita ta yake yi. Sarki Nafoliyon ya ɗora ta a kan tashin bukukuwansa. Ta tashi fiye da sau 60.

Ran 6 ga Yuli, 1819, ta tashi da dare a Faris tana wasan wuta. Ni dai a ganina nan ta yi ganganci, gama iskar da ke cikin buhun mai kama wuta ce, an kuwa gargaɗe ta. Buhun ya kama. 'Yan kallo suna ta tafi, tsammaninsu cikin wasan ne. Kwandon ya bugi rufin wani gida, ta faɗo kan titi ta rasu, shekarunta 41.