Ɗaga ƙarfe a Magariya da Dungas: mutum shi kaɗai ko tare da aboki?

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, gyaɗa da riɗi sun kai kasuwa, samarin karkara sukan sami sararin hutawa. A gundumar Magariya, mai tazarar kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, da maƙwabciyarta Dungas, wadda aka cire daga cikinta aka mai da ita gunduma a shekara ta 2011, wasu kan tafi cin rani Nijeriya, wasu kuwa su zauna gida. Cikin masu zaman nan akwai waɗanda suka rungumi wani wasa da kakanninsu ba su sani ba, wato ɗaga ƙarfe domin ƙarin ƙwanji.

Kayan wasan ba su da wuyar samu. Sai a nemi manyan gwangwanaye biyu, a cika su da siminti da tsakuwa, a soka bututun ƙarfe a tsakaninsu, a bari su bushe. Wani ma tsofaffin ƙarafan mota yake kai wa mai walda ya haɗa masa. Wasan yana da amfani, domin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, cikin shawararta ta shekara ta 2020, ta nemi kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Abin tambaya shi ne, saurayi ya yi shi kaɗai a bayan ɗaki, ko ya nemi aboki? Amsar ta shafi lafiyarsa, wani lokaci ma ta shafi ransa.

Haɗarin kaɗaici

Mai yi shi kaɗai yana da tasa riba. Ba ya jiran kowa, ba ya gasa da kowa, yana tsayawa sa'ad da jikinsa ya ce ya isa. Amma akwai ɗagawa ɗaya da kaɗaici ba ya yi mata kyau, ita ce wadda mutum ke kwantawa rigingine bisa benci yana tura ƙarfe sama daga ƙirjinsa. In hannu ya gaza a tsakiyar turawa, ƙarfen ba shi da wurin sauka sai ƙirji ko wuya, kuma wanda nauyi ya danne wa maƙogwaro ba ya iya kiran kowa. An sha rasa rayuka ta wannan hanya a ƙasashen da wasan ya daɗe.

Ƙarfen gida yana ƙara haɗarin. A wanda aka ƙera a masana'anta, faifayen nauyi suna zarewa, saboda haka wanda ya maƙale yana iya karkata sandar su zube. Simintin da ya kama bututu kuwa ba ya zarewa. Ban da haka, da wuya gwangwanayen biyu su zo daidai. Kankare cikin lita ɗaya ya kusa kilo 2 da rabi, ke nan ɗan bambancin cikawa ya isa ya sa kafaɗa ɗaya ta riƙa ɗaukar abin da ya fi na ƴar'uwarta. Mai ɗagawa ba ya ganin bayansa in ya lanƙwashe, ba ya ganin sandar in ta karkace. Wanda ke tsaye a kansa shi ke gani.

Abin da masana suka gano

A shekara ta 1926 wani masani Bajamushe, Otto Köhler, ya bayyana gwajin da ya yi da ƴan wasan tuƙa kwalekwale na birnin Balin. Ya sa kowannensu ya yi ta ɗaga kilo 41 shi kaɗai har ya gaji, sa'an nan ya haɗa su biyu biyu suna ɗaga kilo 82 tare. Sai ya ga cewa mutum biyu sukan daɗe fiye da yadda aka zata, muddin ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙarfi. Dalili kuwa, mai ƙarancin ƙarfin ba ya son a ce shi ya sa aka ajiye, sai ya ƙara ƙoƙari. In tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa, ribar takan ɓace.

Kafin wannan, a shekara ta 1913, wani injiniyan aikin gona na Faransa, Max Ringelmann, ya buga sakamakon gwajinsa na jan igiya. Ya tarar cewa duk sa'ad da masu ja suka ƙaru, ƙoƙarin kowane mutum ɗaya yana raguwa, har in sun kai 8 kowa bai fi ba da rabin ƙarfinsa ba. Duk manomin da ya taɓa kiran gayya ya san wannan, domin cikin taro ne malalaci ke samun maɓoya. Darasin gwaje-gwajen nan biyu shi ne, aboki ɗaya na kirki ya fi taron ƴan kallo amfani.

Ƴan kokowa sun riga kowa sanin haka, tun da ba a koyon kamu da kayarwa da iska. Tun da aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa cikin 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, ba a taɓa samun gwanin da ya goge ba tare da abokan gwaji ba. Jahar Damagaram, wadda filin kokowarta ke ɗauke da sunan Langa-Langa, ta ga ɗanta Tasi'u Sani ya ɗauki takobi a gida cikin 2018. Kafin gasa akan tara ƴan kokowa 10 na kowace jaha wuri ɗaya, domin kowa ya wasa ɗan'uwansa.

Zaɓen aboki

Sai dai Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A shekara ta 2021 Aisha Maki, ƴar Damagaram, ta fitar da fim mai suna «Zinder», wanda ya nuna rayuwar samarin unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu da ake kira «pale». An ga matasa marasa aikin yi suna taruwa suna ɗaga ƙarfe, ƙarfin kuma yakan ƙare a faɗa da gidan kaso. An kuma ga waɗanda suka bar wannan hanya suka kama sana'a. Wannan gargaɗi ne ga kowane gari, har Magariya da Dungas. Abokin da ke zuga mutum ya ƙara nauyi don a yi masa tafi, ko mai miƙa masa ƙwayar tramol wai don kada ya ji gajiya, ya fi kaɗaici haɗari. Ƙwayar tana rufe zafin da ke sanar da rauni, tana kama jiki, tana kuma iya jawo farfaɗiya.

Aikin abokin kirki a bayyane yake. Ya tsaya wajen kan mai ɗagawa, hannuwansa kusa da sandar, idonsa a kanta. Su shirya tun farko sau nawa za a ɗaga, da kalmar da za a faɗa in an gaza. Ya gyara masa tsayuwa, ya tuna masa da fitar da numfashi lokacin turawa, ya kuma hana shi maimaita aikin gaɓa ɗaya kullum, domin tsoka tana bukatar hutun kwana ɗaya ko biyu kafin ta ginu. Wanda bai sami irin wannan aboki ba, ya rage nauyi, ya bar ɗagawar kwance, ya tsaya ga wadda zai iya yar da ƙarfen ƙasa in ya gaza.

Hukumomi ma suna da nasu rabo, kuma ba mai tsada ba ne. Magajin gari ko shugaban gidan matasa yana iya ware fili a bainar jama'a, ya sa benci mai ƙwari da sikeli na auna gwangwanaye, ya roƙi malamin wasanni na makarantar gari ko wani tsohon ɗan kokowa ya riƙa leƙawa. A kafa doka ɗaya tak: ba mai kwantawa ƙarƙashin ƙarfe sai da mai tsaya masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma saurayin da ya kiyaye ƙirjinsa da bayansa da rani shi ne zai riƙe hauya idan damina ta faɗi.