Kansar Ciki Wadda Ba A Saba Gani Ba: Me Ya Sa Likita Ɗaya Bai Isa Ba?

Idan aka ga ƙari a cikin mutum, abin da dangi ke fara tambaya shi ne, "Yaushe za a yi aiki a cire?" Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta: wane irin ƙari ne, kuma su wane ne suka zauna suka duba shi? Wannan ɗan littafi zai bayyana muku dalilin da ya sa akan tara ma'aikatan lafiya da yawa a kan majinyaci ɗaya kafin a kai shi ɗakin tiyata.

Wace iri ce wannan kansa?

A arewacin Gana kansar hanta ba baƙuwa ba ce, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B ta yaɗu sosai. Amma akwai wasu da likita zai yi shekaru bai ga ko ɗaya ba. A Turai, idan kansa ba ta kama mutum 6 cikin 100,000 a shekara ba, ana lissafa ta cikin waɗanda ba a saba gani ba. Akwai ƙarin da ke fitowa daga bangon tumbi ko hanji, wanda likitoci ke kira GIST. Akwai sakoma, mai girma a can bayan hanji kusa da ƙoda. Akwai ta afendis, mai cika ciki da wani ruwa mai yauƙi. A yara kuma akwai ƙarin ƙoda da ake kira Wilms.

Alamominsu kusan ɗaya ne: kumburin ciki, ƙoshi da wuri, rama, ƙarancin jini, baƙin bayan gida. Maganinsu kuwa ya sha bamban. Tarin fuka na ciki kan yi kama da kansa, alhali ƙwayoyi na wata 6 ne maganinsa. Kansar Burkitt da ke kumbura cikin yara magani take ji, ba wuƙa ba. Yaro mai Wilms akan ba shi maganin kansa na kamar mako 4 kafin aiki, domin ƙarin ya ragu. Babban GIST kuma wani lokaci akan fara rage shi da ƙwayar imatinib.

Aikin farko shi ne mafi muhimmanci

Irin wannan ƙari ana so a cire shi gaba ɗaya, ba tare da ya fashe ba. In aka buɗe ciki da gaggawa, aka yanki rabi aka bar rabi, ko ƙarin ya fashe, ƙwayoyin kansa na iya bazuwa cikin ciki. Aiki na biyu ya fi wuya, kuma sau da yawa ba ya gyara abin da na farko ya ɓata. Shi ya sa tun 1995 wani rahoto a Ingila, mai suna Calman-Hine, ya ba da shawarar a riƙa kula da masu kansa a hannun ƙungiyar ƙwararru. Yau haka ake yi a manyan asibitocin duniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su wane ne a cikin ƙungiyar?

Likitan hoto yana karanta sikanin da hoton CT, ya nuna girman ƙarin da jijiyoyin jinin da ya raɓa. Likitan gwajin tsoka yana duba ɗan yankin da aka tsakuro, shi ne ke faɗin sunan cutar. Likitan kansa yana tsara magani ko gashi, kafin aiki ko bayansa. Likitan tiyata yana auna ko ƙarin zai ciru. Likitan sa barci yana duba zuciya, huhu da jini, ya ga ko jiki zai jure. Masanin abinci yana ƙarfafa wanda ya rame, domin rauni ba ya warkewa a jikin da yunwa ta ci. Nas tana kula da rauni, tana koya wa wanda aka yi wa jakar bayan gida yadda zai riƙe ta. Akwai kuma mai motsa gaɓoɓi, mai ba da magani, jami'in walwala, da masu rage raɗaɗi.

Waɗannan sukan zauna, su duba hotuna da sakamakon gwaji, su fitar da shawara ɗaya. Wani lokaci shawarar ita ce aiki bai dace ba. Wannan ba yasar da majinyaci ba ne. Rage zafi da kula da shi ma jinya ce.

Ina za a je?

Babban asibitin da ake tura majinyata a arewa shi ne Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974. Daga Yendi, Savelugu, Walewale, Nalerigu ko Bawku, nan akan turo masu cuta mai wuya. Wanda ke buƙatar gashin kansa akan tura shi Asibitin Komfo Anokye a Kumasi ko Korle Bu a Akara. Idan likitanku ya ce ba zai yi aikin ba, ya ba ku takardar tura majinyaci, kada ku ɗauka gazawa ce. Ya yi muku gata.

Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ba ta biyan kuɗin kowace kansa. Amma daga 2022 an sa kansar yara iri 4 a ciki, har da Wilms da Burkitt. Ku sabunta katinku, ku tambayi jami'in walwala abin da zai rage a kanku.

Naku aikin

Ku ma kuna cikin ƙungiyar. Ku adana hotuna, takardun gwaji da bayanin kowane aiki na baya a jaka ɗaya. Ku faɗi duk maganin da ake sha, har da saiwa da jiƙo, domin wasu na taɓa hanta ko ƙoda. Kada a yi tsaga ko sakiya a kan kumburin. Ku shirya 'yan'uwa masu ba da jini tun da wuri. Ku zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa raka majinyaci, kuma ku nemi tafinta in ba kwa jin Turanci.

Kafin a sa hannu a takardar aiki, ku yi waɗannan tambayoyi: Mene ne sunan cutar? An gwada tsoka, ko akwai dalilin ƙin gwadawa? Waɗanne likitoci suka duba tare? Me za a cire? Aikin na warkarwa ne ko na sauƙaƙawa?

Bayan aiki, majinyaci ya tashi ya ɗan taka da zarar an ba shi izini, don kare huhu da hana jini daskarewa a ƙafa. Ku koma ku karɓi sakamakon gwajin ƙarin da aka cire, domin da shi ake sanin mataki na gaba. Ko jiki ya yi sauƙi, kada a tsallake ranar dawowa asibiti. In aka ga zazzaɓi, amai, ko ruwa na fita daga rauni, a dawo nan da nan. Allah ya ba mu lafiya.