Abin da ya kamata a duba kafin a sayi ƙaramar katafila ta hannu

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, hankali ya koma kan yadda za a kashe kuɗin. Kwashe shara na cikin ayyukan da kundin tsarin mulki ya ɗora musu, kuma ɗaya daga injinan da suka dace da lungunan tsofaffin birane shi ne ƙaramar katafilar da aka fi sani da sunan kamfanin Bobcat. Sabuwa tana da tsada, don haka galibi ta hannu ake nema.

Wasu 'yan'uwa biyu, Louis da Cyril Keller, suka fara ƙera ta a jihar Minnesota ta Amurka a 1957, domin wani mai kiwon talo-talo da ke son share ɗakunan kiwonsa. Ba ta da sitiyari irin na mota: ƙafafun hagu da na dama suna gudu daban-daban, shi ya sa take iya juyawa a inda take tsaye.

Abu na farko shi ne takardu. Lambar da ke jikin inji dole ta yi daidai da ta takardar ciniki da ta kwastam. Farantin lamba da aka kankare ko aka sake liƙawa dalili ne na fasa cinikin.

Na biyu shi ne agogon da ke ƙirga awannin aiki, domin da shi ake auna tsufan irin wannan inji. Ana iya sauya agogon, amma jiki ba ya ƙarya. Idan ya nuna awanni kaɗan alhali kujera ta yage, feda ta suɗe, ƙusoshin da hannayen ɗaga kaya ke juyawa a kansu suna girgiɗi, to akwai lauje cikin naɗi.

Sai injin kansa, wanda ya kamata a tayar da shi yana sanyi. Wanda aka ɗumama kafin mai saye ya iso na iya ɓoye wahalar tashi. Shuɗin hayaƙi na nuna yana cin baƙin mai. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi na iya nufin ruwan lagireto na shiga ciki. Baƙi ƙirin kuma yawanci toshewar matatar iska ce ko matsalar nozul.

Haidirolik ne ƙashin bayan injin, kuma gyaransa na cikin mafi tsada. A duba tiyo da famfo ko suna yoyo, a cika bokiti, a ɗaga shi sama a bar shi. Idan yana saukowa da kansa, mai na zirarewa a ciki. A tuƙa shi gaba da baya: karkata gefe guda na nuna ɓangare ɗaya ya yi rauni. A buɗe ma'ajiyar sarƙar da ke juya ƙafafu. Man da ya yi fari kamar madara ruwa ne ya shige shi. Sabon fenti a wuri guda kan hannaye yakan ɓoye tsagewa ko walda.

Tsaron direba ma abin dubawa ne. Muddin bai saukar da sandar da ke tokare shi a kujera ba, bai kamata hannayen su motsa ba. Wasu kan tsinke wannan kariya, kuma hakan ya sha jawo mutuwar direbobi.

Akwai kuma batun mai. Injinan da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 2013 zuwa yau an tsara su ne da dizal mai sinadarin salfa da bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, yayin da ma'aunin da ƙungiyar ECOWAS ta amince da shi a 2020 kashi 50 ne. Gurɓataccen mai na lalata nozul, ya toshe matatar hayaƙi a injinan da ke da ita. Saboda haka a tabbatar akwai bakanike da na'urar binciken ƙirar, kuma ana samun kayan gyaranta a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas.

Idan da kuɗin jama'a za a saya, waɗannan tambayoyi na talakawa ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila: sabo aka rubuta ko na hannu, nawa aka biya, shekararsa nawa, wa ya duba shi, kuma nawa aka ware don giris, taya da gyara. Lambar jikin injin da aka nuna ranar ƙaddamarwa ta isa dillalin kamfanin ya faɗi shekarar da aka ƙera shi.