Abin da na gani a kan keke tsakanin Samaru da Kufena

Na shekara ashirin rabona da hawan keke, sai bara da likita ya auna jinina ya girgiza kai. Ya ce hawan jini ya riga ya shigo, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa, magani kaɗai ba zai wadatar ba muddin rayuwata ta tsaya tsakanin kujerar ofis da kujerar mota. Ya tuna mini shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako. Washegari na shiga kasuwar Sabon Garin Zariya na sayi keke na hannu, mai giya da faffaɗar taya.

Na yi watanni ina zagaya kwaltar Samaru da sassafe, har na fara ganin kaina gwani. Ana nan sai ɗan ƙanwata, ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ce: "Kawu, kwalta ai ta koyo ce. Mu bi ta gonaki mu je Kufena." Dutsen Kufena, da ke kusa da Wusasa, yana cikin tsoffin matsugunan Zazzagawa da masana tarihi ke ambata tare da Turunku. Kullum ina hango shi daga mota kamar in miƙa hannu in taɓa. Na manta da cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Muka fita wata Asabar cikin watan Agusta, bayan sallar asuba, an kwana ana ruwa. Da muka bar kwalta muka ƙetare Kubanni, hanya ta koma siririyar turba tsakanin dawa da masara, ganye yana marin fuska, raɓa tana jiƙa riga. Jar ƙasar wurin in ta sha ruwa sai ta zama kamar danƙo. Ta cika tsakanin taya da birki har keken ya ƙi motsi, sai mu sauka mu ƙwaƙule ta da kara, mu hau, ba a jima ba mu sake sauka. Inda taɓo ya ƙare sai marmara ta karɓa, keke yana tsalle, hannuwa suna sagewa a kan kan keke. A wata gangara na danne birkin gaba da ƙarfi, abin da duk yaron ƙauye ya san ba a yi, sai ga ni a cikin gonar gyaɗa, gwiwa tana jini.

Abin da ya fi faɗuwar tayar mini da hankali shi ne ƙirjina. A hawan wani tudu zuciyata ta riƙa bugawa har cikin kunnuwana, idanuna suka yi duhu. Na zauna a gindin wata ɗorawa ina tuno maganar likita, ina lissafin nisan da ke tsakanina da asibiti mafi kusa. Yaron ya tsorata, ya ce mu koma. Da muka duba sai muka ga ƙaya ta huda tayata ta baya, kuma a cikinmu babu wanda ya ɗauko famfo.

A nan wani dattijo ya iske mu, yana tura tsohon keke ƙirar Phoenix, an ɗaure masa buhun taki a kariya. Ya yi sallama, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: "Alhaji, lafiya? Motar ce ta lalace?" Na ce: "A'a Baba, motsa jiki muka fito." Ya yi dariya har sai da ya jingine keken. Ya ce: "Ikon Allah! Wahalar da muke roƙon a yaye mana, ita kuka sa kuɗi kuka saya." Sannan ya kwance wani ƙullin tsumma, ya fito da gam da guntun roba da famfo, ya yi mini faci cikin ɗan lokaci, ya ƙi karɓar ko sisi.

Yana aikin yana ba mu labarin hanyar. Ya ce a ƙuruciyarsa burtali ce mai faɗi, garken shanu kan wuce ba tare da ya taɓa shukar kowa ba. Manoma suka riƙa cin gefenta kunya bayan kunya, daga baya masu sayen filaye suka iso. Ya nuna mana wata sabuwar katangar bulo da ta datse turbar gaba ɗaya, ta tilasta wa kowa sauka cikin kwazazzabo. Ta nan yake bi da kayan gona, ta nan yara ke zuwa makaranta, ta nan ake fitar da mai naƙuda a kan babur idan dare ya yi.

Mun isa gindin dutsen rana ta take, bayan kusan awa huɗu. Ban iya hawa ba. Na zauna a kan wani fa ina kallon Zariya ta miƙe, rufin kwano yana cin gonaki ta kowane ɓangare, maganar dattijon tana yi mini yawo a kai.

Mu 'yan boko mun daɗe muna ɗaukar keke alamar karayar arziki. Ko da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya mayar da ma'aikata da yawa kansa, da kunya suka hau. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga watan Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, amma a garuruwanmu ana shimfiɗa titi a yanka filaye kamar babu mai tafiya sai mai mota. Wanda bai taɓa bin turba ba, ba zai ji zafin toshe ta ba, kuma mafi yawan masu sa hannu a takardun filaye irina ne, ta gilashin mota suke ganin ƙasa.

Saboda haka ina kira ga hukumomin tsara birane da masu unguwanni da dagatai: kafin a yanka fili, a tambayi mutanen wurin ta ina suke bi, a shata hanyar a cikin taswira, a bar ta. Ga 'yan'uwana masu fama da irin larurata kuwa, a nemi shawarar likita tukuna, a fara da kaɗan, a riƙe ruwa da famfo da kayan faci, kada a fita ba abokin tafiya.

Gwiwata ta warke, awon jinina ya sauka, kuma na koma Kufena sau uku da rani. A zuwana na ƙarshe na tarar an sauke yashi da bulo a wani wurin kuma, daidai tsakiyar turbar.