Tafiyar jini a cikin ƙananan jijiyoyi: abin da ke haddasa ciwon amosanin jini

A shekara ta 1661, wani masani ɗan ƙasar Italiya, Marcello Malpighi, ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girman abu. A nan ya gano waɗansu jijiyoyi ƴan mitsi-mitsi, waɗanda suke haɗa hanyoyin da ke fitar da jini daga zuciya da waɗanda ke mayar da shi. Daga baya Antoni van Leeuwenhoek na ƙasar Holand ya kalli jini yana gudana a cikin wutsiyar talibamban mai rai.

Waɗannan jijiyoyi sun fi gashin kai siranta kusan sau goma. Faɗin jar ƙwayar jini bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin dubu na milimita ba, amma duk da haka waɗansu jijiyoyin sun yi mata ƙunci. Saboda haka ƙwayoyin sukan jeru ɗaya bayan ɗaya, kamar ayarin raƙuma a cikin lungu. Kowace takan lanƙwashe, ta matse jikinta, ta wuce, sa'an nan ta koma siffarta ta faifai. A cikin wannan matsi ne take sauke iskar da ta ɗauko daga huhu domin ciyar da tsoka. Haka take kai da kawowa har kwana 120.

Asirin wannan tafiya shi ne taushin ƙwayar. Ga mai ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, idan iska ta yi ƙaranci a jini, ko zazzaɓi ya kama shi, ko ruwan jiki ya ragu, sai ƙwayar ta sandare, ta ɗauki siffar lauje. Daga nan sai ta maƙale, ta toshe hanya, na bayanta su tsaya cik. Wurin da jini bai isa ba shi ne ke ciwon da ke hana yaro barci. Irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 20 take mutuwa, shi ya sa jini ke yi wa majinyacin ƙaranci.

Ciwon dai gado ne, kuma ya yawaita a Nijar. Idan miji da mata duka suna da jini AS, ko da lafiyarsu lau, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Awon jini a asibiti yana bayyana wannan, kuma ya kamata iyaye su nemi a yi shi tun kafin a kai goron tambaya.