Daɓen Katako: Banish Ko Mai, Wanne Zai Jure Gidanka?

Wanda ya kashe kuɗi ya shimfiɗa daɓen katako a falonsa, abin da ya fi tambayar mai aiki shi ne ko zai yi ƙyalli. Da wuya ka ji ya tambayi yadda za a gyara shi ranar da ya karce. Alhali babu shafin katako, banish ne ko mai, da ba ya cinyewa, komai tsadarsa. Inda suka bambanta shi ne lokacin da kowanne ke ɗauka kafin ya gaji, da irin wahalar da za a sha wajen mayar da shi yadda yake. A kan wannan ya kamata a yi zaɓi.

A ƙasarmu siminti da tayil ne suka mamaye gidaje, amma katako na ƙara shigowa: otal-otal, ɗakunan wasanni, benaye, da sababbin gidajen Abuja da Kaduna da Kano. Matsalar ita ce yawancin bayanan da ke jikin gwangwanayen shafi an rubuta su ne don gidajen Turai, inda ba a san ƙurar hunturu ba.

Abu uku ne ke cin daɓen katako a nan. Na farko yashi. Ƙwayar yashi ta fi kowane banish tauri, don haka duk takun da aka yi a kanta tamkar an goga samfefa ne. Na biyu ruwa, wanda tun fil azal ba ya shiri da katako. A fadar Basai ta Faransa, a 1684 aka soma sauya daɓen marmara da na katako, saboda ruwan wanke marmarar yana zurara ƙasa yana ruɓar da ginshiƙan da ke ɗauke da benen. To shi ma katakon da ya gaji marmarar ba a wanke shi da bokiti. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Idan danshin iska ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100, kamar yadda ake gani a Kano da hunturu, ruwan da ke cikin katako kan koma kashi 4 zuwa 5. Idan danshin ya hau kashi 80 a watan Agusta, sai ruwan katakon ya kai wajen kashi 16. Shi ya sa za ka ga tsaga tsakanin alluna a Janairu, da damina ta zauna kuma ta rufe da kanta. Shafi yana rage saurin wannan motsi, amma ba ya hana shi. Mai gidan da ya sa aka cike tsagar da wani abu mai tauri da hunturu, da damina zai tarar allunan sun turo juna sun tashi. Saboda haka ne ma ƙwararren kafinta ke barin tazarar milimita 10 zuwa 15 a gefen bango.

Shafin da ke kasuwa gida biyu ne. Akwai wanda ke kwanciya a saman katako ya zama fata, akwai wanda ke nutsewa ciki ya ƙoshar da shi.

A gidan farko, foliyuritan ne sarki. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro shi a 1937, kuma yau shi ne ƙashin bayan yawancin banish ɗin daɓe. Iri biyu ne. Mai haɗin mai yana da kauri, ya fi araha, yana ba katako launin zuma wanda ke ƙara duhu da shekaru. Aibinsa wari mai hawa kai da jinkirin bushewa: tsakanin shafi da shafi a jira awa 8 zuwa kwana guda, kuma ba ya gama ƙwari sai ya kusa wata. Mai haɗin ruwa kuwa cikin awa 2 zuwa 4 ya bushe, warinsa kaɗan ne, ba ya sauya launin katako, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya gama ƙwari. Akwai nau'insa mai kwalba biyu, da ake zuba sinadarin ƙarfafawa a gauraya kafin a shafa, irin wanda ake sa wa shaguna da wuraren da jama'a ke yawan takawa. Shi ya fi tsada, kuma da an gauraya dole a ƙarar da shi cikin 'yan awoyi.

Ƙarfin wannan fata shi ne idan shayi ya zube ko yaro ya kifar da buta, a goge kawai, shi ke nan. Rauninta kuma yana wajen gyara. Idan bakin ƙofa ya cinye har katako ya fito, ba a iya yi masa faci ya saje. Tabon zai nuna. Wanda ya farga da wuri, tun fatar ba ta huje ba, zai iya sa a ɗan goge samanta a ƙara shafi ɗaya, aikin yini guda. Wanda ya yi sakaci kuwa, sai an kwashe kayan ɗakin kaf, a kawo inji a kankare dukan daɓen. Kowace kankara tana cin kusan milimita ɗaya na katako. Allon da ke katako zalla zai jure haka sau da dama, amma irin wanda aka manna siririn katako mai kyau a kan filawud, kaurin saman nasa milimita 2 zuwa 6 ne kacal, sau ɗaya ko biyu wani ya ƙare.

Gida na biyu shi ne na mai: man linsid, man bishiyar tung ta ƙasar Sin, da haɗin mai da kaki mai tauri irin wanda kamfanin Osmo na Jamus ya yi suna a kai. Waɗannan ba sa yin fata mai kauri, ƙafa tana jin katakon kansa, kuma ƙaramin karce ba ya nunawa sosai. Babbar falalarsu ita ce gyara: inda ya cinye kaɗai za a goge a shafa, ya saje da sauran, ba sai an fitar da kujera ko ɗaya ba. Kuɗinsu shi ne kulawa. Suna son a sabunta su duk shekara ɗaya ko biyu a wuraren da ake yawan bi, kuma ruwan da ya kwana a kansu yana barin tabo. Mai bukata ya tambayi kansa da gaskiya ko shi mai irin wannan kulawar ne. Da yawanmu ba mu ba ne.

Akwai haɗarin da ya wajaba duk mai taɓa irin wannan mai ya sani. Man linsid yana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iska, kuma haɗuwar tana haifar da zafi. Tsumman da aka jiƙa da shi aka dunƙule a kwana yana iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba. Gobarar da ta ci benen One Meridian Plaza mai hawa 38 a birnin Filadelfiya na Amurka a Fabrairun 1991, wadda ta kashe 'yan kwana-kwana uku, daga irin waɗannan tsummoki ta tashi. A baza su ɗaya-ɗaya a waje su bushe, ko a nutsa su cikin gwangwanin ruwa a rufe.

Shelak, wanda ake samu daga danƙon wani ƙwaro a Indiya da Tailan, da kakin zuma, su ne shafin tsofaffin gidaje. Suna da kyau a ido, amma ba su da juriyar ruwa, kuma daɓen da ya taɓa shan kaki ba ya karɓar foliyuritan sai an kankare shi tas. Shi kuwa banish ɗin feshi da kafintoci ke yi wa gado da durowa, ba na takawa ba ne sam. Idan mai aiki ya zo da shi yana cewa duk ɗaya ne, a sallame shi cikin mutunci. Haka nan wanda ke tsinka banish da fetur ko kananzir don gwangwani ya yi auki. Lissafin ba wuya: lita ɗaya ta foliyuritan tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, don haka ɗaki mai mita 4 a kowane gefe, shafi uku, zai ci wajen lita 5. Wanda ya gama shi da lita 2 ya yi ha'inci a wani wuri.

Irin katakon ma yana da ta cewa. Katakon loko da na tik suna da maiƙo na halitta da ke hana shafi kamawa ko jinkirta bushewarsa, don haka a goge su da tina ko sifirit dab da shafin farko, a kuma gwada a ɗan guntun allo tukuna. Ƙurar loko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, mai gogewa ya sa takunkumi. Sannan a tabbatar abin da ke ƙasa katako ne. Abin da ake sayarwa da sunan laminet hoton katako ne aka lulluɓe da roba mai tauri. Ba a kankare shi, ba a shafa masa komai.

A ganina, gidan da ke da yara da baƙi da masu aikin da suka saba da mofa, foliyuritan mai haɗin ruwa ya fi dacewa da shi, kuma a zaɓi mai dushi-dushi. Mai ƙyalli kamar madubi ba ya fi ƙarfi, tonon asiri kawai ya fi: kowace ƙura da kowane karce sai ya nuna. Ɗakin kwana ko na karatu, inda ake shiga ba takalmi, haɗin mai da kaki ya fi daɗin zama. Kicin da bakin banɗaki a bar wa tayil.

Ranar aiki a goge daki-daki, daga samfefa mai lamba 40 zuwa 60, 80, har 120, a kwashe ƙura sarai. Kada a shafa ranar da hazo ya sauko, kada kuma a kunna fanka a kan ɗanyen banish, amma a bar wa iska hanyar fita, a nisanta wuta da sigari. Bayan an gama, kwana biyu ko uku kafin a mayar da kujeru, a ɗaga su kada a ja, a manna ƙyalle mai laushi a ƙafafunsu. Darduma da kafet su dakata sai shafin ya gama ƙwari, domin idan aka rufe shi da wuri zanensu zai zauna a jikinsa. A ajiye tabarmar goge ƙafa ciki da wajen ƙofa, a riƙa shara kullum, mofa kuma a matse ta har sai ta daina ɗiga.